Safar Hannu Daga Ramin Zinariya

Ha Sefako, farkon Yuni

Zuwa ga Kawu Seabata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na ramin zinariya. Ni ce Mamello, 'yar ƙanwarka Limpho. Na san ba za ka tuna fuskata ba, domin ranar da ka zo jana'izar Mama bayan ƙofa na ɓuya, ƙafafuna kaɗai ka gani. Yanzu na girma. Bara na gama firamare, kuma na fi iya magana a takarda.

Muna lafiya. Ina zaune da Kaka, mahaifiyar Babana. Gwiwoyinta suna damunta idan sanyi ya sauko, amma tana cin tuwonta, tana faɗa da kaji. Baba tun da ya tafi aikin gonakin kudu ba mu ji ɗuriyarsa ba. An yi wa awakinmu aski kafin sanyi, kuma dusar ƙanƙara ta riga ta rufe kan duwatsu.

Kawu, ga abin da ya sa na rubuto. Ka san wurin nan na saman dutse inda baƙi suke zuwa su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su yi zamiya a kan ƙanƙara. Ina kai wa ma'aikatan wurin burodin Kaka. Akwai wata malama, Ausi Puleng, ita ke koya wa yaran ƙauyuka zamiya da safe kafin baƙi su fito. Wata rana ta kama ni ina leƙe, ta ce, "Ke mai burodi, idanunki sun kusa cinye katakon nan. Zo ki gwada." Na girgiza kai, amma ƙafafuna suka tafi da kansu.

Kawu, na iya. Ba yabon kai nake yi ba. Ranar farko na faɗi har na daina jin kunyar faɗuwa, amma yanzu ina saukowa daga sama, in karkata dama, in karkata hagu, in tsaya daidai inda nake so. Akwai samarin da suka riga ni farawa, har yau da gindi suke tsayawa.

A ƙarshen Agusta, kafin ƙanƙara ta narke, za a yi gwaji. Waɗanda suka ci za a ɗauke su aiki baɗi, su riƙa kula da ƙananan 'ya'yan baƙi. Wurin kusa da gida yake, kullum zan kwana da Kaka. Idan ban ci ba, ƙanin Baba, Baffa Lefu, ya riga ya yi magana da wata mata a garin Maputsoe, nesa da nan. Zan je in yi mata raino, Kaka ta zauna ita kaɗai.

Matsalar hannuna ce. Ka san mu, hannu a cikin bargo yake zama. A can babu halin haka. Igiya ce take jan mutum zuwa sama, sai ka damƙe ta da ƙarfi, a saukowa kuma sanda biyu kake riƙewa. Tsohuwar safar ƙafar Baba na riƙa sawa a hannu. Igiyar ta cinye ta, ruwa ya shiga, shekaranjiya yatsuna suka yi fari fat kamar kyandir, ko tsunkuli ba na ji. Ausi Puleng ta sa hannuna a hammatarta har jini ya dawo, na yi kuka. Sannan ta ce, "Kada in sake ganinki a nan sai da safar hannu ta gaskiya. Ba zan mayar wa kakarki da ke da yatsa tara ba." Akwai ta sayarwa a shagon wurin. Na ɗaga ɗaya na ga kuɗin da aka rubuta a jikinta, na mayar a hankali.

Da na gaya wa Kaka, ta ce, "Kina da kawu kina kuka? Tun kakanni, abin da ɗan 'yar'uwa ya roƙa a wurin kawunsa ba a hana shi. Ɗauko takarda."

To, Kawu, ban taɓa roƙonka komai ba. Safar hannu nake so. Ta yi ɗumi, kada ruwa ya shige ta, kada igiya ta cinye ta. Na zana hannuna a bayan takardar nan don ka ga girmansa.

Ka zauna lafiya.
'Yar ƙanwarka, Mamello


Barikin ma'aikata, Welkom, ƙarshen Yuni

Mamello, 'yar Limpho,

Ashe ƙafafun bayan ƙofa suna da hannu, har suna rubutu! Na ga takardarki, na ji daɗi. Ki gaishe da kakarki, ki ce ta riƙa ɗumama gwiwar da jan bulo a cikin tsumma. Ni lafiya lau nake, sai ɗan tari da bayan da ke tuna min shekaruna kowace safiya.

Na karanta takardar a ɗaki da ƙarfi, domin mu nan ba a ɓoye wasiƙar gida. Akwai wani Khoabane, mutumin duwatsun Mokhotlong, gadonsa yana saman nawa, bakinsa ba ya hutawa. Ya leƙo ya ce, "Tsaya, Seabata. Wato mutane har kuɗi suke biya su hau wurin da muka riƙa roƙon Allah ya sauko da mu?"

Na ce, "Haka ta rubuta."

Ya ce, "Su kai sama, su sauko, su sake hawa? Ba tunkiyar da ta ɓata?"

Na ce, "Babu."

Ya ce, "To ka gaya wa yarinyar nan ta sayar musu da yunwa ma. Ita ma akwai ta da yawa a can, kuma ba ta narkewa." Ɗaki ya ɗauki dariya.

Ni ban yi dariyar da yawa ba, Mamello. A waɗannan duwatsun na yi kiwo ina ƙarami. Wata shekara ƙanƙara ta rufe mu a bukkar kiwo, ni da wani yaro. Ni na sauko, na bar kan yatsuna biyu a can. Shi a kan doki aka sauko da shi, a naɗe cikin bargo. Uwarki jaririya ce a goye a lokacin. Saboda haka in ra'ayina za a bi, gara ki yi raino a inda ake hura wuta a ɗaki. Ƙanƙara ba abokiyar wasa ba ce.

Amma kakarki ta san inda za ta kama ni. Tsohuwar nan! Ta aiko min da al'ada a cikin ambulan. Kin roƙa, ba ni da bakin cewa a'a.

Ranar Asabar na zaga shagunan gari. Abin da na gani na matan coci ne da na direbobi. Na ja ɗaya da hannu biyu, ɗinkin ya buɗe baki, mai shagon ya kusa korata. Wannan igiyar taki kwana ɗaya za ta gama da su. Sai na tuna da tamu ta rami. Fata ce mai kauri, wuyanta dogo har rabin damtse, da ita muke kama ƙarfe da dutse. Idan ta mutum ta mutu ana ba shi sabuwa, tsohuwar a yar. Na sa cigiya a bariki, na rataye buhu a ƙofa, na ce duk mai tsohuwa da ke da sauran rai ya jefa a ciki, 'yar ƙanwata za ta je yaƙi da ƙanƙara. Kafin yamma buhu ya yi nauyi. Na ɗaure bakinsa na ba Khoabane, zai je gida ƙarshen wata, zai bar miki a shagon bakin titi.

Maganar ɗumi kuma, ki yi haƙuri. Mu a ƙasa zafi ne yake dafa mu, gumi har takalmi yake cikawa, babu wanda ya taɓa tambayar ko safar tana da ɗumi. Za ta yi miki yawa, sai ki nemi abin da za ki sa a ciki.

Ki kula da yatsun nan. Goma uwarki ta bar miki.

Kawunki, Seabata


Ha Sefako, tsakiyar Yuli

Kawu,

Ina gaishe ka. Ina fata tarin ya yi sauƙi. Kaka tana gaishe ka, ta ce bulon ya yi aiki. Buhu ya iso, na gode. Ntate Khoabane da kansa ya miƙa min, ya ce, "Ke ce mai sayar wa baƙi sanyi?" Na kasa ɗaga ido, sai ya ba ni alawa.

Kawu, da gudu na kai buhun gida. Na zazzage a gaban Kaka, ƙamshin fata da na ƙarfe ya cika ɗaki. Na sa ɗaya a hannun hagu, ta shiga har da sauran wuri. Na ɗauki wata zan sa a dama, babban yatsa ya juya baya.

Kaka ta ce, "Ɗauki wata mana."

Na ɗauka. Na ce, "Kaka, ita ma ta hagu ce."

Ta ce, "Ke dai ba ki da ido. Miƙo nan." Ta shimfiɗa su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya kamar mai shanya kifi. Sun fi goma. Duk babban yatsansu waje ɗaya yake kallo. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko mutanen rami hannu ɗaya gare su. Can sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Hmm. Dangin uwarki akwai wayo. Al'ada ta ce kada ya hana ki, to bai hana ki ba. Bai kuma ba ki ba."

Na ce Kawu ba zai yi haka ba. Amma na sake karanta takardarka, na ga inda ka ce gara in yi raino. Na karanta wurin har ya kusa gogewa.

Duk da haka ban zauna ba. Na juya ɗaya ciki ya koma waje, sai ta zama ta dama. Na ji daɗin dabarata, na cusa gashin tumaki a yatsun, na hau dutse. Ausi Puleng ta juya hannuna ta duba, ta ce, "Wannan na maƙera ne, amma mu gani." Hawa na farko lafiya. A na uku igiya ta kama ɗinkin da ya fito waje, ta farke shi daga tafi har yatsa. Ta hagun kuma ba ta yage ba, amma fatar ta sha ruwa ta daskare ta zama kamar kwano, gashin da na cusa ya dunƙule a ƙasa, kowane yatsa yana ɗakinsa shi kaɗai yana mutuwa. Ausi Puleng ta sake cewa in sauka. Wani yaro, Tefo, wanda har yau bai iya tsayawa ba, ya ce, "Mai burodi, ki dawo da tukunya a hannu, ta fi rufuwa!" Amma a gabansa na sauko, na tsaya cak, ƙanƙarar katakona ta watsu a wandonsa.

Kawu, zan tambaye ka abu ɗaya, kada ka ga rashin kunya. Da gangan ka yi? Idan ba ka so in hau dutsen, ka faɗa min kai tsaye, zan ji. Ba zan fasa ba, amma zan ji. Abin da ka ba ni labari na bukkar kiwo ya tsaya min a rai, na yi wa yaron addu'a. Sai dai ni ba a rufe ni a can ba. Da ƙafata nake hawa, da ƙafata nake saukowa, kuma da yamma ina gida ina hura wa Kaka wuta.

Idan kuskure ne, ta dama ɗaya tak nake nema.

Mamello


Ha Sefako, farkon Agusta

Kawu,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mu muna lafiya. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai na je shago na tambaya, har mai shagon ta fara cewa "Babu" tun ina nesa.

Baffa Lefu ya zo ranar Lahadi bayan coci. Ya ga fatun a kan tabarma, ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ya ce, "Wannan ne gadon da kawun naki ya aiko?" Ya ce matar Maputsoe tana jirana farkon Satumba, in wanke kayana. Kaka ta ce, "Lefu, Agusta bai mutu ba tukuna. Ka sha kununka." Ya sha, ya tafi.

Tun da ba ka amsa ba, na ɗauka amsar ke nan. Ba na fushi. Ina so dai ka san abin da na yi da kayanka, domin naka ne.

Na zauna na yi tunanin abin da ya kashe min hannu ranar nan. Yatsun ne da aka raba. A cikin bargo ai tare suke kwana, suna ɗumama juna. Sai na ce to me ya sa zan raba su? Na aro basilla da zaren kakin zuma a wurin Ntate Mohapi mai gyaran sirdi. Ya ce, "Za ki ɗinka wa doki wando ne?" Na ce a'a. Sai ya ba ni.

Na yanke yatsun duka na zubar. Na farke ɗinkin, na baje fatun. Idan fata ta baje, Kawu, ba ta san hagu ba, ba ta san dama ba. Na ɗora hannuna na zana, na bar wuri mai yawa, yatsu huɗu ɗaki ɗaya, babban yatsa nasa ɗakin a gefe. A tafi, inda igiya take ci, na ninka fata biyu. Ɗinkin duk na mayar da shi ciki da bayan hannu. Ta farko ta fito kamar kan kifi, na farke. Ta biyu ta matse. Allah ya taimake ni ka aiko da yawa.

Safar ciki kuma Kaka ce ta taimake ni. Ta kaɗa gashin tumaki haɗe da na akuyarmu fara, ni na saƙa, babba sosai. Muka dafa ta a ruwan zafi da sabulu muka murje a kan dutse, ta tsuke ta yi kauri har ba a ganin idon saƙar. Ana cire ta a shanya daban. Fatar kuma na narka kitsen tunkiya da guntun kyandir na shafe ta har ta daina sha. Na tsoma hannu a rafi, ruwa ya gangare.

Basilla ta huda ni wurare da yawa, amma jiya na hau igiya tun safe har rana ta yi tsaka, yatsuna suna motsi. Ausi Puleng ta ja, ta murɗa, ta sansana, ta yamutsa fuska, ta ce, "Sunanki yana cikin masu gwaji."

Ba zan sake damunka da takarda ba sai in ka rubuto.

Mamello


Wani barikin, kusa da Virginia, tsakiyar Agusta

'Yar ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da kakarki ko da yake ta ɓata min suna. Ina lafiya. An canza mu zuwa wani rami tun watan jiya, ni da Khoabane, takardunki suka yi ta kwana a tsohon bariki. Jiya aka kawo min su biyu a haɗe. Na karanta ta farko na tashi tsaye. Na karanta ta biyu na zauna.

Mamello, na rantse da kabarin uwarki ban buɗe buhun nan ba. Na ɗaga na ji nauyi, na ɗaure. Na karanta wa 'yan ɗaki, kowa ya kalli hannunsa, sai muka gane. Mu duka da dama muke aiki. Ita ke riƙe shebur, ita ke danna injin haƙa, ita ke jan sarƙa. Ta dama ce take mutuwa, ta hagu ta rage da ranta. Na ce a jefa mai sauran rai, kowa ya jefa mai sauran rai. Mutum fiye da goma, babu wanda ya yi tunani, har da kawunki.

Khoabane ya faɗo daga gado don dariya. Ya ce, "Na ɗauko buhun hagu tun daga Welkom har kan dutse, na biya masa kuɗin mota!"

Na ce, "Rufe min baki, kai ma taka tana ciki."

Ya ce, "Tawa ce ma ta fi kyau. Ka gaya wa yarinyar ta nemi miji mai hannun dama biyu, su haɗa."

Na jefe shi da takalmi. Amma zuciyata ba ta yi dariya ba, domin kin yi wata guda kina zaton kawunki ya yi miki wayo. Gaskiya ina tsoron dutsen nan, kuma zan mutu ina tsoronsa. Amma in zan hana ki, da bakina zan hana ki, ba da buhu ba.

Yau da muka fito daga rami na bi ɗaki ɗaki ina tambayar ko akwai bahago. Aka yi ta tsokanata, wai Seabata yana neman maye. A ƙarshe aka nuna min wani ƙato mutumin Mozambik, Chauke, yana cin tuwo da hagu. Ba ya jin yarenmu sosai, ni ma ba na jin nasa. Na nuna masa zanen hannunki, na nuna masa dutse da hannu, na yi rawar sanyi. Ya dube ni ya daɗe, ya shiga ya fito da safar dama guda biyu, lafiyayyu. Ya ƙi karɓar ko taba. Ga su nan na haɗa da takardar. Na san kin riga kin wuce wurin, amma ki karɓa, don kakarki ta ga mutanen rami hannu biyu gare su.

Abu ɗaya zan gaya miki a matsayin wanda sanyi ya taɓa ci. Idan kin cire safar don yin wani abu, kada ki ajiye ta a ƙasa, iska za ta ɗauke, ƙanƙara ta shiga. Ki ɗaura musu igiya ki zura ta hannun riga. Kuma ranar gwajin ki ci abinci mai nauyi, mai yunwa shi sanyi yake fara kamawa.

Ki rubuto ki gaya min, ko yaya ta kasance. Duk ɗakin nan suna jira.

Kawunki, Seabata


Ha Sefako, farkon Satumba

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, kai da Ntate Khoabane da Ntate Chauke. Muna lafiya. Takardarka ta iso ana jibi gwaji. Na karanta wa Kaka, ta ce, "Ni dama ban ce da gangan ya yi ba." Na dube ta, ta ce in je in duba kaji. Ka yafe min zargin da na yi maka. Na ɗaura igiyar yadda ka ce, kuma na ci tuwo har Kaka ta ce ko gwajin ci ne.

Ranar iska ta tashi tun da safe, irin mai shiga haƙori. Muna tsaye a layi, karen wurin ya zo ya wuce kowa ya tsaya a gabana yana lasar hannuna. Tefo ya ce, "Ku ba da hanya, ga miyar tunkiya ta iso!" Kowa ya yi dariya, har da baturen da ya zo duba mu. Na ji kamar in nutse. Amma hannuna yana da ɗumi, sai na kalli dutsen kawai.

Hawa igiya da saukowa tsakanin tutoci ba su ba ni wahala ba. Na taɓa tuta ɗaya da kafaɗa, ban faɗi ba. Na ƙarshen ne ban san da shi ba. Aka ba kowannenmu ƙaramin yaro daga 'ya'yan ma'aikata, aka ce ka sauko da shi lafiya. Ni aka ba ni wata 'yar mitsitsiya mai jar hula. Muna tsakiyar gangara katakonta ɗaya ya fita, ta faɗi, maɗaurin takalminta ya buɗe, ta fara ihu. Da wannan safar ba a iya kama ƙaramin abu. Na zare su duka biyu, suka rataya a igiyarsu, na durƙusa. Yatsuna suna nan da ransu. Na kakkaɓe ƙanƙarar, na ɗaure takalmin, na mayar da katakon. Sai na ga nata hannun, safarta ta jiƙe, tana rawa. Na kwance tawa ɗaya daga igiyarta na zura hannuwanta biyu a ciki, suka shige har da sauran wuri. Ta daina ihu, ta ce, "Tana warin nama." Na ce, "Ki yi haƙuri." Ta ce, "Ina so."

Sai ta ƙi tashi. Na yi mata magana a hankali yadda na saba, iska ta kwashe. Na ga Ausi Puleng a ƙasa tana kallo. Kawu, sai na buɗe baki na ce, "Tashi! Kalle ni! Bi bayana!" Ban san ina da wannan muryar ba. Yarinyar ma ta firgita ta miƙe. Muka sauko a hankali, hannuna ɗaya a cikin safa, ɗayan a hammata.

Mutum uku aka ɗauka. Ni ce ta biyu da aka kira. Ausi Puleng ta ce, "Ashe mai burodi tana da maƙogwaro." Baffa Lefu ya zo da yamma da jakar da zan zuba kaya, Kaka ta karɓa ta ce ta gode, dama tana neman abin zuba wake.

Tefo bai ci ba. Hannunsa ya ƙage a kan igiya ya saki, ya gangaro. Da na gan shi a bayan shago yana hura yatsunsa, safar ƙafa ce a hannunsa, irin wadda na fara da ita. Yawancin yaran ƙauye haka suke. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Wannan abar taki, wuya gare ta a ɗinka?" Na ce, "Ka zo da kitse."

Saboda haka, Kawu, zan sake roƙo, kuma ka san ba ka da bakin cewa a'a. Ka mayar da buhun ƙofa. Kada ka wahalar da kanka da neman bahago. Ka ce wa mutanen ɗakinku su ci gaba da kashe ta dama, su aiko min da ta hagun duka kafin sanyin baɗi.

Ka zauna lafiya.
Mamello